Wawan Sarki a Gidan Dare: Wa Zai Biya Kuɗin Dariya?

A unguwar Gidan Dare, cikin birnin Sakkwato, akwai wani dattijo mai sayar da goro a gindin wata darbejiya. Yaran yanzu ba su san shi da wata sana'a ba sai wannan, amma iyayensu mata suna tuna zamanin da biki ko suna ba ya cika a wannan yanki sai ya halarta. Ɗan kama ne, ya kuwa gaji kamanci daga mahaifinsa. A lokacin ƙuruciyarsa yakan shiga taro da babbar riga duk faci, da takobin itace a rataye, da 'yar ganga a hammata, ya ɗauki waƙar wani shahararren makaɗi ya juye ta ta koma yabon tuwo da miya, ko kuwa ya kwaikwayi mai wa'azi yana jan kunnen jama'a game da haƙƙin da fura take da shi a kan mai ludayi. Mata su yi ta dariya har da hawaye, a ba shi 'yan kuɗi, a cika masa ciki. Sai zamani ya juya. Bukukuwa suka koma hannun masu na'urorin kiɗa, ban dariya kuma ya ƙaura cikin wayar hannu. Dattijo ya naɗe rigarsa ya jefa a ƙasan akwati, ya sayi faifan goro.

Wata damina aka yi baƙi a wani gida da ke fuskantar darbejiyar nan. Wata tsohuwa ce ta zo daga wani ƙauye wajen iyakar Nijar, tare da jikanta, yaro ɗan kimanin shekara bakwai. Kullum da la'asar sai a shimfiɗa wa yaron tabarma a zaure, ya zauna yana kallon hanya, fuskarsa a ɗaure da ƙyalle tun daga ƙarƙashin ido har zuwa haɓa. Ba ya magana, ba ya wasa. Yaran unguwa sukan zo su tsaya daga nesa suna leƙe, wanda ya fi ƙarfin hali ya matso ya duba, sa'an nan ya ruga da gudu. Shi kuwa yaron sai ya ƙara jan ƙyallensa, ya juya fuska bango.

Cutar da ta kama shi ita ce wadda likitoci suke kira noma. Sunan ba shi da dangantaka da noman gona. Daga harshen Girkanci aka ɗauko shi, inda yake nufin abin da ke cinyewa yana yaɗuwa. A ƙauyukan ƙasar Hausa wasu kan kira ta ciwon daji, wasu ciwon iska. Takan fara ne da kumburin dasashi, wanda in an same shi da wuri, maganin kashe ƙwayoyin cuta da tsabtar baki da abinci mai gina jiki sun isa su tsayar da shi. In kuwa aka bari, cikin 'yan kwanaki sai ta huda kunci, ta ci leɓe, wani lokaci har da hanci da ƙashin muƙamuƙi. Ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6, musamman waɗanda yunwa ta raunana, ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro ya kayar, gama sai bango ya tsage ƙadangare kan sami wurin shiga. A shekarar 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi ƙiyasin cewa yara 140,000 ne suke kamuwa da ita kowace shekara, kuma a cikin waɗanda ba su sami magani ba, har tara cikin goma sukan mutu. Wanda ya tsira yakan tashi da rami a fuska, sau da yawa kuma tabo yakan ɗaure masa muƙamuƙi, bakin ya ƙi buɗuwa.

Abin da ya kawo tsohuwa Sakkwato shi ne Asibitin Yara na Noma, wanda aka kafa a birnin a 1999, ƙungiyar likitocin sa-kai ta MSF kuma ta shiga tallafa masa a 2014. A can ake yi wa irin waɗannan yara aikin gyaran fuska kyauta, tare da ciyarwa da motsa gaɓoɓi da ba da shawara ga masu jinya. Nijeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a sa noma cikin jerin cututtukan da duniya ta yi wa riƙon sakainar kashi, Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta amince a watan Disamba na 2023. Amma gyaran fuska ba aikin yini ɗaya ba ne. Akan yi shi mataki-mataki, kuma ƙwararrun likitocin fiɗa lokaci-lokaci suke zuwa. An duba yaron an ba su rana. Tsohuwa ta ga komawa gida da dawowa ya fi ƙarfin aljihunta, ga kuma halin da hanya take ciki, saboda haka ta sauka gidan wani ɗan'uwanta ta zauna jira.

Dattijo ya yi kwana bakwai yana kallon yaron daga gindin darbejiya. A rana ta takwas ya buɗe akwati. Da la'asar ta yi sai ga shi a ƙofar zaure da rigar faci da takobin itace, ya buga ganga, ya shiga abin da ya saba. Ya yabi tuwon shinkafa, ya yi wa tsire kirari, ya kwaikwayi yadda mayunwaci yake yaƙi da ƙashin rago. Yaran unguwa suka cika ƙofa suna ƙyalƙyatawa. Yaron kuwa ya sunkuyar da kai. Ana cikin haka tsohuwa ta fito daga cikin gida, ta tsaya bayan ƙyaure ta ce, "Malam, don Allah ka bari hakanan. Yaron ga shekara ukku ke nan bai tauna tsoka ba. Kunu muka ɗura mai ta gefen baki."

Dattijo ya ɗauke hannu daga ganga. Shekara arba'in yana wannan sana'a, an zage shi, an kore shi daga ƙofar gidaje, bai taɓa jin kunya irin ta ran nan ba. Ya ce, "Baiwar Allah, ki gafarce ni, ban sani ba." Ya koma gida bai ko tsaya kwashe goronsa ba, sai wani yaro ya bi shi da faifan.

Daren nan ya kwana yana saƙawa yana kwancewa. Dukan jarin ɗan kama ciki ne da abin da ake zuba masa, ga shi kuwa ya gamu da wanda yunwa ta ci wa fuska. Da gari ya waye sai ya tafi wurin wani maƙwabcinsa ya ari tsohon rawani. La'asar na yi ya naɗa shi, ya ja amawali ya rufe bakinsa da hancinsa kamar yadda sarakuna suke yi, ya taho yana taƙama. Da ya iso zaure ya dubi yaron, sai ya yi kamar ya firgita, ya yi maza ya kwance amawalinsa, ya cire takalma, ya zube ƙasa ya ɗaga hannu yana jinjina. Ya ce, "Ranka shi daɗe, tuba nikai! Ban san Sarki na zaune ba, na shigo da baki rufe. Ai ba a sarki biyu zaure guda." Ya juya ga yaran da ke ƙofa ya daka musu tsawa, "Ku wane irin talakkawa ne? Ba ku san mai rufe baki shi na Sarki ba? Ku faɗi ku yi gaisuwa!"

Yara suka zube suna dariya suna gaisuwa. Dattijo ya naɗa wannan Waziri, wancan Sarkin Dogarai, wata 'yar ƙarama Jakadiya. Shi kuwa ya ce ba shi da muƙami sai wawan Sarki. Ya roƙi izini ya zauna, ya zauna a kan takobinsa, ya yi tsalle yana ihu. Ya kai ƙarar rawaninsa gaban Sarki wai ya shaƙe shi. Ya ce duk hukuncin da Sarki ya yanke masa ya nuna da yatsa: yatsa ɗaya, ya yi kukan jaki, biyu, ya yi tafiyar agwagwa. Yaron ya daɗe yana dubansa, sa'an nan a hankali ya ɗaga yatsa ɗaya. Dattijo ya yi kukan jaki har wani jakin gaske da ke ɗaure a bayan gida ya amsa masa. A nan ne tsohuwa, tana leƙe ta bayan ƙyaure, ta ga kafaɗun jikanta suna rawa, idanunsa sun ƙanƙance, wani ɗan sauti yana fitowa ta ƙarƙashin ƙyalle. Bakin ba ya buɗuwa, amma dariya ta sami hanya.

Daga ran nan kullum la'asar fada takan cika. Yaran da dā suke gudu suka koma rigimar wanda zai riƙe wa Sarki laima. Da aka yi aikin farko aka saki muƙamuƙin, sai wata wahala ta taso, domin dole yaron ya riƙa motsa bakin yana buɗe shi kullum, in ba haka ba tabo ya sake ɗaure shi, motsin kuwa akwai zafi. Tsohuwa ta yi lallashi ta yi faɗa, yaro ya ƙi. Dattijo ya ƙirƙiro gasar hamma a fada: kowane bafade ya yi tasa, wawa ya yi tasa har ya faɗi da baya, Sarki ne zai rufe taro. Hammar Sarki ba ta wuce faɗin yatsa ba a farko, amma kullum fadawa sai su yi shewa su ce ta fi ta kowa.

Dattijon nan bai taɓa jin cewa abin da yake yi sana'a ce mai suna a wasu ƙasashe ba. A birnin New York na Amurka, a 1986, wani ɗan wasan barkwanci mai suna Michael Christensen ya kafa rukunin masu ban dariya da suke shiga ɗakunan jinyar yara da farar rigar likita da jan hanci na roba, suna kwaikwayon zagayen likitoci. A Faransa Caroline Simonds ta kafa Le Rire Médecin a 1991. A Suwizalan wasu 'yan'uwa biyu, André da Jan Poulie, suka kafa gidauniyar Theodora a 1993 don tunawa da mahaifiyarsu. A wannan shekara kuma wani ɗan barkwanci na ƙasar Sifen, Tortell Poltrona, ya tafi sansanin 'yan gudun hijira a Kuroshiya bisa roƙon wasu 'yan makaranta na Basalona, daga nan aka haifi ƙungiyar masu barkwanci marasa iyaka. Abin lura shi ne, galibin waɗannan ƙungiyoyi da gudummawar jama'a suke tafiya. Iyayen yaro ba sa biyan ko kwabo, amma ɗan wasan ana horar da shi, ana kuma biyansa ladan aikinsa kamar kowane ma'aikaci.

Likitoci ma sun gwada abin a ma'auni. A wani asibitin yara na birnin Fulorans a Italiya, an yi nazari a kan yara 40 'yan shekara 5 zuwa 12 da za a yi wa fiɗa, aka buga sakamakon a 2005. Waɗanda mai barkwanci ya raka tare da mahaifi zuwa ɗakin da ake sa barci sun fi natsuwa a kan waɗanda mahaifi kaɗai ya raka. A 2020 mujallar likitoci ta BMJ ta tattara nazarce-nazarce 24 da suka shafi yara da matasa 1,612, ta nuna cewa zuwan masu barkwanci yana rage fargaba, musamman lokacin allura da sauran ayyuka masu ban tsoro. Babu wanda ya ce dariya tana ɗinke kunci ko tana kashe ƙwayar cuta. Abin da take yi shi ne ta kwantar da yaro har ya yarda a yi masa abin da zai warkar da shi. Nazarin Italiyan nan ya kuma bayyana wani abu: yawancin ma'aikatan asibitin sun yarda abin yana da amfani, amma ba su so a ci gaba da shi ba, don suna ganin yana kawo cikas ga aikinsu. Watau ko a Turai ma sai da ɗan barkwanci ya sha kallon raini kafin a ba shi wurin tsayawa.

To, a nan gida wa zai biya? Kowace la'asar da dattijo ya yi a zaure, la'asar ce da bai sayar da goro ba, kuma ita ce lokacin ciniki. Tsohuwa ta lura, ran nan ta kwance bakin zane ta miƙa masa 'yan canjin da ta ɓoye na mota. Ya ce, "Haba baiwar Allah, wawa ba ya karɓar albashi hannun uwar Sarki." Wani matashi a unguwar ya kai maganar gaban wani mai hali, mutumin kirki wanda ya riga ya aika wa tsohuwa buhun gero da sabulu. Da ya ji abin da ake nema sai ya yi dariya ya ce, "In magani ne a faɗa mini, in abinci ne a zo a ɗauka. Amma in ɗauki sadakata in ba maroƙi don ya yi kukan jaki?"

Ba a ce attajirin nan ba shi da hujja ba. Noma ɗiyar yunwa ce, kuma inda kuɗi suka yi kaɗan, kwanon abinci da allurar ƙyanda su ne gaba da kome, gama rigakafi ya fi magani. Amma ba wanda ya nemi a rage kwano don a sayi ganga. Abin da ake nema shi ne a gane cewa yaron da ya yi shekara uku yana ɓoye fuska yana da ciwo biyu, wuƙar likita kuwa ɗaya take iya kaiwa gare shi. Bahaushe da kansa ya ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, yaya za a yi da wanda fuskar tasa ta tafi? In an ɗinke kunci aka bar shi da tsoron mutane, ba zai shiga makaranta ba, ba zai shiga kasuwa ba, aikin da aka kashe dukiya a kansa ya tsaya rabi.

Hujja ta biyu ita ce matsayin ɗan kama. A tsarin zaman Hausawa yana cikin maroƙa, abin da ake ba shi kyauta ce ta kare mutunci, ba a lissafa ta cikin abin da ake neman lada da shi. Wasu kuma suna ganin wasa da jinya ba su haɗa hanya ba. Sai dai malaman hadisi sun ruwaito cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa sakin fuska ga ɗan'uwa cikin sadaka, kuma ya taɓa yi wa ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, wasa game da ɗan tsuntsunsa lokacin da ya same shi cikin baƙin ciki. A tarihin Musulmi ma akwai misali. A birnin Edirne na ƙasar Turkiyya, asibitin da Sarki Bayazidu na Biyu ya gina aka gama a 1488 yana da makaɗa da mawaƙa goma da suke zuwa sau uku a mako don marasa lafiya, kamar yadda matafiyin nan Evliya Çelebi ya ba da labari a ƙarni na 17, kuma daga waƙafin asibitin ake biyansu. Zakka tana da mutanenta takwas da aka ƙayyade, ba a taɓa su. Amma ƙofar sadaka da ta waƙafi a buɗe suke, kuma Jihar Sakkwato tana da hukumar zakka da waƙafi wadda aikinta ke nan tsara irin wannan alheri.

Hujja ta uku ta fi nauyi, domin daga cikin gida take. Barkwancin Bahaushe yana da ƙaya. Labaran ban dariya da yawa a kan makaho da gurgu da kuturu da bebe aka gina su, wasannin tashe na watan azumi ma ba su rasa irin wannan ba. Wanda ya saba samun dariya ta hanyar nuna aibin wani, in aka sake shi cikin ɗakin yara masu ramin fuska, zai yi ɓarnar da ta fi rashin zuwansa. Dattijon Gidan Dare kansa, da shekarunsa da kyakkyawar niyyarsa, ya yi tuntuɓe a rana ta farko. Wannan kuwa ita ce babbar hujjar a sa kuɗi a cikin lamarin, gama horo ba ya samuwa kyauta. Dole a koya wa mai wasan tsabtar hannu da ta kayan wasa, da neman izinin yaro da na mai jinya kafin ya shiga, da sanin lokacin da zai ja da baya ya ba ma'aikata wuri, da riƙe sirrin mara lafiya. Sama da duka, a koya masa abin da dattijo ya gano a daren da ya kwana bai yi barci ba: a wannan fage mai wasa shi ne abin dariya, yaro shi ne mai hukunci. Yaron da ke jinya kowa yana ba shi umurni, buɗe baki, miƙo hannu, kwanta, haɗiye. Wawa kaɗai ne babban da yaron yake iya ba umurni ya bi.

Kayan aikin kuwa ba sai an yi odarsu daga waje ba. Jan hanci na Bature ne. Ƙasar Hausa tana da wawan sarki, da 'yan kama, da 'yan gambara, da wasan kaka da jika, da tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, da 'yan wasan kwaikwayo na rediyo da talabijin. Tun a 1967 wani Bature, C. G. B. Gidley, ya rubuta nazari a kan kamanci, ɗaliban Hausa kuma sun daɗe suna bin sawunsa suna tattara abin da ya rage na wannan sana'a don a adana a ɗakin karatu. Adanawa tana da kyau, amma sana'a ba ta rayuwa a kan kanta sai da wurin yin ta. Da ƙungiyoyin ɗaliban Hausa da na ɗaliban likitanci za su haɗa kai, a nemo sauran 'yan kaman da ke raye, a zauna da ma'aikatan jinya a tsara abin da ya dace, sa'an nan wani mai hali ya tsayar da hayar shago ɗaya tak ta zama waƙafin wannan aiki, da an taimaki yara, an kuma ceci sana'ar da ke bakin kabari. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Bayan kaka aka yi wa yaron aiki na biyu, aka sallame su. Ran da za su tafi, fadawa suka raka Sarki har bakin titi. Ya fito ba ƙyalle, da tabo mai kauri daga gefen hanci zuwa haɓa, yana tafe yana duban mutane ido cikin ido. Dattijo ya zube ya yi gaisuwar ban kwana, ya tambaya wa zai riƙe gari kafin Sarki ya dawo. Yaron ya nuna shi, ya ce da muryar da ba ta gama fita sosai ba, "Kai, Baba. Amma kada ka rufe baki."

Dattijo ya mayar da rawani ga mai shi, ya koma gindin darbejiya. Bashin goron da ya ci a wannan damina sai da ya kai shi tsakiyar rani yana biya. Rigar faci tana nan rataye a ƙusa, bai mayar da ita akwati ba. Ya ji an ce asibitin cike yake da irin wannan yaro, har ya taɓa tambayar kuɗin mota zuwa can, ya lissafa da cinikin la'asar da zai rasa, ya ga ba za ta fisshe shi ba. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya kuma buɗe idon masu bayarwa su ga inda sadakarsu ba ta kai ba tukuna, amin.